Ranar da Ɓarawo Ya Yafe wa Alhaji Ubale Kuɗin Haya

Ku yaran da kuka shigo dillancin gidaje da wayar hannu, ina kallonku. Mutum ya tsaya a bakin ɗaki ya ɗauki hotonsa ta ɓangaren da fenti bai ɓare ba, ya watsa, ya koma gindin darbejiya yana jiran kira. In an kira ya miƙa makulli, ya karɓi la'ada, ya ce ya yi sana'a. Wani cikinku har ce mini ya yi, wai da ya san haka aikin yake da sauƙi da bai ɓata lokacinsa a makaranta ba. Na yi dariya har da tari. Shigar da mutum ɗaki ai kowa ya iya. Ranar da ɗan haya ya ce zai fita wa'adinsa bai cika ba, mai gida kuma ya ce sisinsa ba zai yi ciwon kai ba, ranar ake gane wanda ya koyi aiki.

Ni a Bompai na koya, a hannun marigayi Malam Ɗanjuma, wanda kowa ke kira Mai Makullai. Kayan aikinsa ba su da yawa: tsohon keke, zoben waya cike da makullai, tocila, guntun gawayi na rubuta "akwai ɗaki" a bango, da wata sanda da yake zungurar sili da ita ya ji ko gara ta cinye. Aikin farko da ya ba ni, aikena ya yi in duba wani ɗaki a bayan kamfanin alewa. Na je na leƙa, na dawo na ce ɗaki lafiya lau, har da taga.

Ya ce, "Ka shinshina?"

Na ce a'a.

"Ka shiga bayan gida? Ka tambayi na kusa da shi yaushe famfo ke kawo ruwa?"

Na ce ban yi ba. Ya ce to ba ɗaki na duba ba, yawo na je. Ya mayar da ni a ƙafa, keken ma bai ba ni ba. Da na koma na durƙusa na sa hanci, sai ga ɗoyin kwata yana tasowa ta ƙarƙashin daɓe.

A wajensa na koyi cewa ɗaki sau biyu ake ganinsa, bayan an ɗauke ruwan sama, da kuma lokacin da jiniyar kamfani ta tashi ma'aikata. Na farko ya nuna maka rufi, na biyu ya nuna maka maƙwabta. Na kuma koyi gane mutum tun bai buɗe baki ba. Ɗan kamfanin fata warinsa ke riga shi sallama, sai ka nema masa gidan da akwai rijiya. Ɗan masaƙa auduga ce a gashinsa, kuma da ƙarfi yake magana don inji ya toshe masa kunne, ba ka sa shi jikin ɗakin mai jariri. Mutanen Jigawa huɗu-huɗu suke zuwa su kama ɗaki ɗaya, biyu na aikin rana biyu na aikin dare, katifarsu ba ta taɓa hucewa. Mutanen Nijar kuwa shekara guda suke biya a dunƙule, ba sa son ciniki mai tsawo, amma sai sun ga inda masallaci yake kafin su kwance ƙullin.

Masu gidajen su ma sai ka iya da su. Yawancinsu a Sharada da Challawa manoma ne da kamfanoni suka zo suka same su, suka ga ɗaki ya fi gero kawo kuɗi, suka yanka gefen gona suka jera bulo. Mutum ya san kowace akuyarsa da kamanninta, amma ka tambaye shi wa ke ɗakinsa na uku, sai ya ce ka tambayi dillali.

Shekarar da masaƙu suka yi ta rufewa ita ce muguwar shekarata. Lokacin na koma Challawa da zama. Kullum safiya sai na tarar da mutum a ƙofar gidana da makulli a hannu, an sallame shi, zai koma ƙauye. Zoben wayata ya yi nauyi har ya yaga mini aljihu. Masu gidan da a da sai in yi sallama uku kafin su fito, suka koma suna aiko mini da fura. Wani ɗaki da na taɓa sa mutum biyar a ciki, na je na tarar mai gidan ya ɗaure tumaki. Na sayar da babur ɗina, na ɗan taɓa dillancin awaki, na gane akuya ma tana da nata wulaƙancin. Amma a shekarar na ƙware a raba mai gida da ɗan haya ba tare da an kai ga kotu ba, don kusan ba abin da na yi sai shi.

Duk da haka, fitar da ta fi ba ni wuya ba a shekarar ta zo ba. Daga baya ne, a Sharada, a gidan Alhaji Ubale.

Gidan jeri biyu ne na ɗakuna suna kallon juna, duk gwauraye ne 'yan kamfani a ciki. Can ƙurya akwai ɗaki ɗaya da aka kare da langa-langa, da ɗan kewayensa, na mai iyali. Alhaji Ubale manomi ne, gidansa na zama yana wani layin, ni nake karɓar haya in kai masa. Ƙyauren soron gidan kuwa ya daɗe da ɓallewa, an jingine shi a bango. Na yi masa maganar gyara har bakina ya gaji. Amsarsa ɗaya ce: "Masu aikin dare na shiga suna fita, wa zai riƙa tashi yana buɗe musu? Bari a yi girbi."

A ɗakin ƙuryar na sa Isufu, wani saurayi daga wajen Maraɗi, mai aikin rana a kamfanin roba. Shekara ya biya. Ya kawo matarsa Hajara da kayan ɗakinta, gado da katifa da akwatuna da kwanuka, da keken ɗinki da take yi wa yaran unguwa riguna. Isufu mutum ne mai shiru. Yana fita tun gari bai gama wayewa ba, ya dawo bayan magariba, daidai lokacin da masu aikin dare suka fice. Hajara kuma ba ta leƙo tsakar gidan gwauraye. Wata huɗu suka yi a gidan, amma da za ka jera mutum uku ka ce a nuna mai ɗakin ƙurya, sai an yi canki-canki. Shi ma Isufu sau biyu yana yi mini maganar ƙyauren soro, ina kai wa Alhaji.

Ranar da abin ya faru Hajara tana Hotoro, gidan gwaggonta, ana suna. Isufu yana wajen aiki. Abin da zan faɗa yanzu ban gani da idona ba, amma waɗanda suka gani sun faɗa mini, kowa da bakinsa, kuma ba wanda ya ƙaryata wani.

Da hantsi wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Mutum uku suka sauko, suka shige soro kai tsaye. Na gabansu dogo ne, da kaftani wankakke da hula. Ya tarar da masu aikin dare sun baje a tabarmi a inuwa, wasu na barci wasu na shan koko. Ya yi musu sallama mai kyau, ya tambaye su gajiya, sannan ya ce, "Don Allah wa ke da guduma? Makullina ya faɗi a wajen aiki, ga mota na jira."

Akwai wani Sale, mutumin Gumel, mai son a ce ya iya. Ya tashi ya ɗauko guduma, ya ga dogon yana bugun kwaɗon a karkace, ya ce, "Kawo, Malam, ba haka ake yi ba." Bugu biyu ya yi masa ya buɗe.

To ku da ba ku zauna gidan ma'aikata ba, ku sani akwai al'ada. Kowa baƙo ne, kowa ya taɓa tashi daga wani gidan ba mai kama masa. Saboda haka in aka ga mutum yana fitar da kaya, ba a zama a zuba masa ido. Abin kunya ne. Ko ba ka san sunansa ba ka tashi ka kama. Haka suka yi. Masu barci aka tashe su. Wannan ya ɗauki akwati, wancan ya kwance gado, wani ya ce a naɗe keken ɗinkin da bargo kada ya ƙurje a hanya. Har da mai tunatarwa kada a manta da madubi a bayan ƙofa.

Ana cikin lodi sai ga Alhaji Ubale a kan babur, ya dawo daga gona. Ya ga mota a ƙofar gidansa, ya tsaya.

"Kai, wa ke tashi ba sallama?"

Dogon ya zo ya durƙusa har ƙasa. "Ni ne, Alhaji, na ɗakin ƙurya. An yi mini canjin wajen aiki zuwa Bompai. Dama yanzu nake shirin biyowa ta gida in yi muku ban kwana."

Alhaji ya ɗan ɓata rai, don ya san inda irin wannan magana ke dosa. Ya ce, "To ai ka san da sauran watanni a gaba. Ni kuma kuɗi in ya shigo hannuna..."

"Haba Alhaji. Na yafe. Zaman lafiyar da muka yi ai ya fi kuɗi."

Waɗanda ke wurin sun ce ba su taɓa ganin haƙoran Alhaji Ubale gaba ɗaya ba sai ranar. Ya sauka daga babur, ya sa wa dogon albarka, ya ce irinsu ake nema a gidan haya. Ya ga katifa na neman zamewa, ya kwance igiyar da yake ɗaure harawa ya ba su. Da direban zai juya, shi ya tsaya a baya yana cewa taho, taho, ya isa.

Motar na ɓacewa ya kira ni a waya. "Inuwa, mutuminka na ƙurya ya tashi. Yaron kirki, wallahi, har ya yafe sauran. Maza nemo mini wani."

Na yi mamaki, don Isufu ba zai tashi bai gaya mini ba. Na kira wayarsa ba ta shiga, su kuma a kamfanin ba a shiga da waya wajen inji. Na ce to, mai gida da kansa ya gani da idonsa. Ina da wani mai neman ɗakin iyali, bayan magariba na ɗauke shi muka tafi.

Muna zagaya langa-langar na ga mutum tsaye a tsakiyar ɗaki, da kular abincinsa a hannu. Isufu ne. Ba komai a ɗakin sai buta da ƙusoshi a bango.

Na ce, "Au, ka dawo ɗaukar mantuwa ne?"

Ya juyo a hankali ya ce, "Wace mantuwa, Malam? Ina kayanmu?"

Nan na gane ba shi ya kwashe kayan ba. Wanda na kawo bai ko yi sallama ba, na waiga na ga wayam. Na daɗe a sana'ar nan, amma ban taɓa tausayin ɗan haya kamar yadda na tausaya wa yaron nan ba. Washegari da masu aikin dare suka dawo aka gaya musu, Sale ya zauna a ƙasa ya ɗora hannu a ka, yana ta maimaita cewa bugu biyu ya yi.

Da safen na raka Isufu ofishin 'yan sanda ya ba da rahoto, aka ba shi takarda. Kayan dai ba a gan su ba har yau, kada ku sa rai labarin zai kai can. Hajara ta zo da gwaggonta, ta tsaya a bakin ɗakin ta duba, ba ta yi kuka ba, ta juya suka koma Hotoro. Saƙon da ta aiko gajere ne. Ba za ta sake kwana a gidan da maƙwabta ke yi wa ɓarawo dako ba. Yayanta direban babbar mota ne, yana Kano yana lodi, ranar Asabar zai koma Maraɗi. In an sami wani ɗakin kafin nan, to. In ba a samu ba, tana gaban motar.

Isufu kuwa ba shi da abin kama wani ɗaki sai sauran kuɗinsa da ke hannun Alhaji. Ya same ni ya ce, "Malam, ni ba rigima nika so ba. A ba ni abin da ya rage in tahi. In ta koma gida, ban san ranar da za ta dawo ba."

Na je wa Alhaji da maganar. Ya riga ya ji labari, kunya ta sa ya ƙara zafi. Ya ce, "Ni na sace? Kuɗin haya in ya shiga ba ya fita, kai ma ka sani. Ɗaki ga shi nan, ban hana shi ba. Kuma ma in gaskiya ake so, ai an yafe mini, a gaban shaidu."

A nan nake so ku buɗe kunne, don wannan ba ya cikin waya. Sata ita kaɗai ba ta kwance haya. In mai gida ya yi abin da ke wuyansa, katanga a tsaye, ƙofa da sakata, ɓarawo ya haura ya yi ɓarna, to jarrabawa ce ta sami ɗan haya, sai dai a roƙi mai gida alfarma. Amma in akwai gyaran da ke kansa, an gaya masa ya yi biris, ta nan kuma ɓarawon ya shigo, to ɗan haya yana da bakin magana, ba roƙo yake ba. Abin da nake gaya wa kowane ɗan haya shi ne, kada ka yi fushi ka kwashe ka gudu, ka bar haƙƙinka a baya. Ka ba da rahoto. Ka riƙe rasit ɗinka, ka duba abin da kuka yi yarjejeniya a kai. Ka faɗa wa mai gida za ka tashi a gaban mutane, ba a kan hanya ba. Sannan a zauna. Kotu tana nan in zama ya gagara, sai dai ita ba ta san Asabar ba, mu kuma Asabar muke gudu.

Na kai maganar gaban mai unguwa. Muka zauna a soronsa bayan la'asar, ni da Alhaji da Isufu, da Sale a matsayin shaida, yana ta sunkuyar da kai. Mai unguwa dattijo ne mai son a gama magana kafin shayinsa ya huce. Ya sa Sale ya faɗi komai. Da aka zo wajen igiyar harawa, na ga ya ja rawaninsa ya rufe baki, kafaɗunsa na motsi.

Ya ce, "Alhaji, maganar ƙyaure, an gaya maka?"

"An gaya mini. Girbi nake jira."

"Malam Inuwa, kai me ka gani?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni tambaya ɗaya gare ni. Alhaji, ranar nan da aka ce maka mai ɗakin ƙurya zai tashi wa'adi bai cika ba, ka hana?"

"Ban hana ba."

"Har ka kira ni in kawo wani."

"Na kira."

"To ka ga tashi kafin wa'adi ba shi ne matsalar ba, ka riga ka yarda da shi. Saura yafiya. Wanda ya yafe maka, kuɗinsa ne?"

Alhaji ya ce, "Amma fa ya iya gaisuwa."

Nan mai unguwa ya kasa riƙewa. Har Isufu sai da ya murmusa. Alhaji Ubale ba mugu ba ne, son banza ne ya ja shi, kuma ya san ya ja shi. Ya yarda Isufu ya tashi, ya yarda sauran watannin haƙƙinsa ne, ya yarda a kira mai walda. Sai ya buɗe tafin hannunsa ya ce, "Amma kuɗin fa yana gona. Taki na saya. Ko za a yanka ni, sai an yi girbi."

Na san gaskiya ya faɗa. Mai unguwa ya juyo kaina ya ce, "To dillali, ya rage naka. Ka kawo wanda zai maye gurbi, abin da ya biya a miƙa wa yaron nan." Haka ake yi dama, kuma a kan ɗakin kirki aikin yini ɗaya ne.

Sai dai labari ya riga ni zagaya Sharada. Har an raɗa wa gidan suna, Gidan A Taya Ku. Wanda bai ji ba kuma dole in gaya masa, don ba a ɓoye aibin ɗaki. Na san wasunku za su ce a yi shiru a karɓi kuɗi. Yi mana. Kwana biyu mai shayi zai gaya masa, daga nan sunanka ya ɓaci daga Sharada har Kumbotso. Na kai wani mai gyaran lantarki, ya ji labari ya ce shi da talabijin gare shi. Na kai wani ango, matarsa ta ce ko kyauta ba ta so. Wani ma bai shiga ba, cewa ya yi a nuna masa Sale kawai ya gan shi. Laraba ta wuce ban sami kowa ba, Isufu kuma duk inda na juya yana bayana.

Ranar Alhamis ina zaune ina cin ɗanwake na daina tambayar kaina wa ke son ɗaki. Na koma tambayar wa ɗakin nan zai yi wa daidai. Mutumin da ba shi da abin sata, kuma yana gida da rana. Na ajiye cokali na hau babur sai Challawa.

A ƙofar wani kamfanin fata akwai maigadi Buzu, sunansa Agali. Ya taɓa ce mini yana son wuri mai shiru shi da 'yan'uwansa biyu, su ma masu gadi, don inda suke kwana da rana jikin injin niƙa ne. Na same shi yana hura gawayin shayi. Na zayyana masa komai, ban rage ko igiyar ba. Ya saurara, rawani ya rufe masa rabin fuska, idanunsa kawai ke dariya.

Ya ce, "Da rana suke zuwa?"

Na ce da rana.

"Da rana ina gida."

Ya tambayi ko akwai inuwa a soro, na ce akwai. A ranar suka haɗa kuɗin sauran watannin su uku suka ba ni. Ban bi ta gidan Alhaji da su ba, kada su ga taki su yi sha'awa. Gaban mai unguwa na kai, aka kira Isufu aka damƙa masa. La'adata kuwa a wuyan Alhaji na ɗora, ya yi ƙunƙuni ya ce sai girbi, na ce na ji, ni ma na iya jira. Kafin dare na kama wa Isufu ɗaki a wani gidan masu iyali, inda wata tsohuwa ke sayar da ƙuli-ƙuli a soro, wadda ko ƙuda ya shiga sai ta tambaye shi wajen wa ya zo.

Ranar Juma'a da safe gwaggo ta kawo Hajara ta ga sabon ɗakin, yayanta na biye da su. Ta duba sama ta duba ƙasa, ɗaki fanko ba ko tabarma. Yayan ya ce shi dai gobe da asuba zai tayar da mota. Isufu ya dube ni, ni kuma na dubi bango, don nan dillanci ya ƙare.

Sai ga saƙo daga Sale, wai don Allah a biyo ta tsohon gida bayan an sauko daga masallaci, suna son su nemi gafara. Hajara ta ce ba ta zuwa. Gwaggo ta ce za ta, ba a ƙin jin mai ba da haƙuri.

Da muka isa mai walda ya gama, ƙyaure na tsaye da sabuwar sakata. A tsakar gida ga amalanke an cika shi. Gwaurayen nan kowa ya shiga ɗakinsa ya fito da abu. Tabarma, risho, tukunya, bokiti, fitila, labule. Sale ya ba da katifarsa, ya ce shi dama ƙasa ta fi yi masa daɗin baya. Masu ɗaki ɗaya su huɗu suka haɗu suka sayo kwanuka sababbi. Keken ɗinki dai ya fi ƙarfinsu, sun kuma faɗa. Alhaji Ubale ya zo da rabin buhun gero a bayan babur, ya ɗora a sama da hannunsa, bai dubi kowa ba. Sale ya fara jawabin ban haƙuri, ya rikice a tsakiya, ya ƙare da cewa wallahi mutumin ya yi kama da mai ɗaki. Hajara na tsaye bayan gwaggonta, fuskarta ba ta nuna komai ba.

Aka turo amalanke za a fita, Alhaji na gaba yana ba da hanya. A soro sai aka yi turus. Agali ya riga ya tare tun safe, muna ciki ya fito daga ɗaki ya shimfiɗa tabarmarsa, butar shayi na kan gawayi, takobinsa na jingine a bango. Ni ina can baya, bai hango ni ba. Ya miƙe ƙafarsa ya tare ƙofa.

"Kayan wa?"

Aka nuna Isufu. Agali ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ban san shi ba."

Alhaji ya matso ya ce, "Kai Malam, buɗe musu hanya, da izinina ne."

"Kai kuma wane ne?"

"Ni ne mai gidan."

Agali ya zuba shayinsa daga sama, ya mayar cikin buta, bai ko ɗago ba. Ya ce, "Kowa haka yake cewa."

Dariyar da ta fara fita ta mace ce. Hajara ce, ta rufe baki da mayafi amma ta ƙi tsayawa, har ta dafa kafaɗar gwaggo. Sai da na kutsa gaba na shaidi Alhaji da bakina sannan Agali ya janye ƙafa.

A waje yayan ya karkaɗa makullin motarsa ya ce, "To Hajara, ya ke nan? In biyo miki da asuba?"

Ta goge idonta da bakin mayafi. Ta dubi amalanken, ta dubi Isufu da ke riƙe da buta, abu ɗaya da ya rage musu na da.

Ta ce, "Yaya, ka gaida su Inna. Ka ce a aiko mini da daddawa."

Ta gyara mayafinta ta bi bayan kayan.